Injin Niƙan Da Ya Tona "Barkono"

Zuwa ga Shugabannin Zauren "Labarin Hanya" na WhatsApp,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da kaka. Sunana Hajara, matar Malam Isiyaku manomi ta nan Gangara. Ba ni cikin zaurenku, don ba ku sa mata, amma zaurenku ya shigo har ɗakina, shi ya sa na rubuto.

Na farko, na san amfaninku. 'Yan kabu-kabu da fataken Burkusuma ba su kama hanya sai sun ji daga gare ku ko lafiya take. Saboda haka duk abin da anka faɗa nan, mutane na ɗaukarsa da gaske.

Na biyu, ga abin da ya same mu. Ranar wata Talata maigidana ya sa hoton geronsa na gonar bayan rafi a zaurenku, don murna kawai. Sai wani mai kiran kansa "Barkono", wanda ya saba tsokanar mutane da lambar da ba a san ta ba, ya aiko saƙon murya. Ya maƙe murya kamar tsohuwa, yana tambaya wai wa ke tsare wa Malam gona can nesa, kowa ya gudu shi bai gudu ba? Ya ƙare da cewa mai yi wa 'yan bindiga leƙen asiri ba ya rasa gero. Kunka bi shi da hotunan dariya. Da Malam ya kira ɗayanku, anka ce masa wasa ne, ya yi haƙuri.

Wasa? A ƙasar nan, a wanga lokaci? Kun fi ni sanin abin da ke samun wanda anka laƙa wa wannan suna. Kafin Juma'a masu amsa sallamarsa sun ragu. 'Yan sintiri sunka zo ƙofar gida suna tambayoyi. Gero ya nuna, tsuntsu na ci, Malam ya kasa fita yanka, don in an gan shi ya nufi daji an gama shaida. Mutumin da ya yi gonar nan da haƙuri da addu'a, don ba mu da wata. Wallahi na ji tsoro, kuma na ji haushinku.

Na uku, ku maza kun saurari maganar, ni kuwa na saurari abin da ke bayanta. Na yi ta maimaita saƙon a wayar Malam har na ji ƙarar injin niƙa, da wani "ƙwas" da ke dawowa kamar mai tari. Na kai wayar gidan suna, na kunna wa mata. Ko gama ji ba a yi ba, maƙwabciyarmu Inna Kulu ta tafa hannu ta ce injin bakin kasuwa ne, mai ɗinkakken bel. Kowace mace ta shaida. Haba! Mu da muke tsayuwa gabansa da kwanon dawa kullum, a ɓoye mana shi?

Munka ɗunguma gidan maigari da mayafanmu. Ya sa anka je bakin kasuwa, anka ta da injin, anka kunna saƙon kusa da shi, ƙwas ya amsa ƙwas. Mai injin, magidanci da gemunsa, ya fara rantsuwa, ya koma zufa, daga baya ya amsa. Wai nishaɗi yake nema. Ba za ni rubuta sunansa ba, albarkacin tsohuwarsa da ta yi ta kuka. Bayan sallar Juma'a ya tsaya gaban jama'a ya ƙaryata kansa da muryarsa ta gaskiya, ba ta tsohuwa ba. Ni kam na rangaɗa guɗa daga cikin gida, kuma ban ji kunya ba.

Ga buƙatuna. Ku sa wannan ƙaryatawa a zaurenku, ku bar ta sama yadda duk wanda ya yi dariya zai ji. Ku daina karɓar lambar da babu wanda ya san mai ita. Duk wanda ya jefi mutum da wannan kalma, ku fitar da shi ranar, kada ku ce wasa. Wanda ya ce wa Malam ya yi haƙuri, shi ma ya zo ya ba shi haƙuri, ya san ƙofar gidanmu. Sannan ku sa mata a zauren nan, tunda an ga wa ke da kunne.

Allah ya tsare ku bisa hanya, ya kare ku daga bakin da ba ya tsoron Allah, ya ba ƙasarmu lafiya.

Jiya Malam ya fita gona da rana tsaka, ta tsakiyar gari, maƙwabta na biye da shi don taya shi yanka. Geron ya shigo gida. Na surfa na farko, kuma a turmi na daka shi da hannuna, ban kai shi injin nan ba.

Wassalam.

Hajara, matar Malam Isiyaku,
Gangara.