Injin Busar da Kaya Lafiyarsa Ƙalau

Baban Sayuri,

Na wuce aiki, ban tashe ka ba. Kada ka kira mai gyara.

Tun da safe nake durƙushe gaban injin nan, yana juyawa amma babu zafi. Na wanke rariyarsa, na zare bututun baya na kakkaɓe, har na yanke a yatsa. Ashe gas ɗin ne a rufe. Aikin Baba ne, mahaifinka. Tun 'yar girgizar ƙasar ranar Talata yake bin gida yana rufe gas. Na buɗe, ina juya baya ya sake rufewa. Da na yi magana sai ya ce, "Chizuru, ba girgiza ce ta ci uwar mijinki a birnin Kobe ba, gobarar da ta biyo baya ce."

Ni dai na gaji.

Kayan makarantar Sayuri jiƙe suke, ruwan nan kuma ya ƙi ɗaukewa. Ka buɗe gas ka busar mata.

Kada ka yi wa Baba faɗa. In ka gama, ka kira shi ya rufe da hannunsa.

Chizuru