Bujen Barmo

Sakkwato, 8 ga Disamba, 1964

Zuwa ga Yaya Sanusi, buron duwan (ofishin kwastan), Birnin Konni.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina Yaya Umma da yara? Ni ƙanenka Barmo lafiyata lau, har ɗan tumbi na fara ajiyewa.

Albishirinka: ina tafe gida! Shekara bakwai rabona da Tungar Kalgo, na ƙagara in ga Inna da Baba. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Baturen da nake dafa wa abinci, malamin kwalejin nan da yara ke kira Malam Dogo, ya samu hutu, ya ce sai ya ga garin da aka haife ni. Za mu aje mota a Konni, mu shiga babbar mota zuwa Dogarawa, daga nan mu taka da ƙafa, don shi hutunsa ke nan, yawo a daji yana zana itatuwa.

Yanzu ka zauna kafin ka karanta sauran. A duwatsun ƙasarsu Malam Dogo maza buje suke sawa. Wallahi buje, kamar fatarin mata, na ulu mai gida-gida, iyakarsa gwiwa, ba wando a ciki. Kowane gida da irin zanen yadinsu, yadda mu ake gane mu da tsagar fuska. A nan ba ya sawa saboda idon yara, sai in ya fita hutu. Da Babbar Sallah na sa shi ya saka babbar riga muka yi yawon gaisuwa, ya ce to, ran da za mu garinku kai ma za ka sa namu. Na ɗauka wasa ne. Jiya ya miƙo min nawa, daga yadin gidansu aka yanka, ya ce ba a ba bare shi. Ina zan ga fuskar ƙi? Na gwada a ɗaki, iska na shiga ta ko'ina, ga tsohon tabon gwiwata a waje kowa na gani. Har da abin busarsu zai ɗauko, wata salka mai algaita uku, kuma ni ne ɗan dako.

Kar ka gaya wa kowa a gida. So nake 'yar'uwarmu Tsahara ta gan ni ta faɗi don dariya.

Naka,
Barmo

Konni, 12 ga Disamba

Barmo,

Bayan gaisuwa. Takardarka ta same ni yau, kuma ban yi dariya ba.

Kada ka zo. Ina maimaitawa, kada ka zo. Ƙasar da ka bari ba ita ba ce yanzu. Tun bayan damina ake cewa wasu na ƙetaro iyaka da bindigogi. Ba zan rubuta sunansu ba. An tara masu gari an gaya musu duk baƙon da aka gani a daji a kama shi, in ya yi gardama a harbe shi, garin da ya ɓoye wani kuma zai gani. Mutane na zuwa gona da baka da kwari. Abin da ya fi tayar min da hankali, magana ta bazu cewa shigar mata suke yi don su wuce. Ban san gaskiyarta ba, amma kowa ya yarda. Makon jiya an kawo wani mai tallar goro nan a kan jaki, fuskarsa ba ta ganuwa, laifinsa kawai ya lulluɓa da zanen matarsa.

Kai kuma ka ce za ka ratsa daji da buje, da abu mai baki uku a kafaɗa. Kuma kada ka ce kai ɗan gari ne. 'Yan gari ake nema, waɗanda suka daɗe a waje.

In Baturenka ya matsa, ka ce ba ka da lafiya. In ka karanta ka ƙona wannan.

Yayanka,
Sanusi

Konni, 15 ga Disamba

Zuwa ga ƙanwata Tsahara, Tungar Kalgo. Mushe Ahmadu malamin lakwal (makarantar boko), don Allah ka karanta mata ita kaɗai, yanzu-yanzu.

Tsahara, ina gaishe ki, ina gaida Rabi'u mijinki. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa.

Barmo ya shigo ƙasa. Na rubuta masa kada ya zo, direban da na ba takardar ya dawo min da ita a rufe, sun yi saɓani. Ran Lahadi suka wuce ta buronmu, ni kuma an aike ni Malbaza. Abokin aikina ya ga Bature da yaronsa a mota cikin wando kamar kowa, ya buga musu hatimi. Amma wani ɗan kamasho ya ce min a Dogarawa suka canja kaya. Yanzu suna cikin daji tsakanin can da ku, su biyu, kowanne da buje irin na mata. Al'adar ƙasar Baturen ce, ba wani abu ba. Abin da ke kafaɗar Barmo abin busa ne, ba bindiga ba ne.

Ki je wurin Baba kafin ki sha ruwa. Shi ne sarkin baka, in an yi kururuwa shi za a sa gaba. Ki gaya masa, ki gaya wa maigari, ki gaya wa duk wanda ke da baka a ɗaki. Mu nan an hana kowa barin aiki, kuma in na matsa za a tambaye ni dalili. Tun jiya ban iya cin abinci ba.

Sanusi

Tungar Kalgo, ran Alhamis

Yaya Sanusi,

Ina gaishe ka. Mushe ke rubutawa, ni ke faɗi.

Takardarka ta zo yau da hantsi. Su Baba sun fita tun jiya.

Wata Bafilata mai tallar nono ce ta shigo gari da gudu, ta zubar da ƙwaryarta a ƙofar maigari. Ta ce ta hangi mata biyu a hanyar rijiyar Gawo, ƙwaurinsu duk gashi, sun naɗe fuska da rawani, tafiyarsu ta maza, guda na ɗauke da bindiga mai baki uku. Kafin a ce haka an buga ganga. Mutum talatin suka fita, har da samarin da ba su taɓa harbin ko zomo ba.

Yaya, da idona na ga Baba ya sauke tukunyar dafi daga rataya. Inna ce ma ta riƙe masa kwari yana shafa wa kibau. Ni kuma na ɗaura masa gumba a gefen riga, na ce Allah ya ba da sa'a. Da bakina na faɗi haka.

Ka san Baba ya dafa Alƙur'ani gaban maigari, ya ce ko ɗan cikinsa ne ya shigo da wannan aiki ba zai ɗaga masa ƙafa ba. Kuma ka san Baba ba ya harbi biyu.

Rabi'u ya ari raƙumin Buzayen da suka sauka bayan gari ya bi su, amma daji na da faɗi, ba mu san ta ina suka ɓulla ba. Na so in ɓoye wa Inna, sai ta ga fuskata. Da na gaya mata ba ta yi kuka ba. Ta kalli hannuwanta ta ce: "Ni na riƙa mishi kwarin." Tun sannan tana zaune a ƙofar gida tana kallon hanya, ko ruwa ta ƙi karɓa.

Wane irin wasa ne wannan Barmo ya yi mana? In ya iso da rai, ni zan fara dukansa. Ka yi addu'a, Yaya. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba.

Ƙanwarka,
Tsahara

Illela ta hanyar Tawa, 20 ga Disamba

Yaya Sanusi,

Ina gaishe ka, ina neman gafara. Ina raye. Daga ɗakin jandarma nake rubuta wannan, da hannun hagu, don na dama ya kumbura. Rabi'u zai kawo maka, shi ya gaya min wasiƙun da kuka yi ta yi a kaina.

Ran Alhamis da azahar muka sauka rijiyar Gawo. Malam Dogo ya gangara kwari yana zanen wata kuka. Ni ina bakin rijiya, salkar busa a kafaɗa, fuskata naɗe har ido saboda rana. Tun safe na lura ba mu gamu da kowa ba, har wani makiyayi da ya hange mu ya bar awakinsa ya ruga, na ce ƙauyanci ne. Na ɗora ƙafa a kan itacen rijiya ina jan guga. Daji ya yi tsit, ko tsuntsu babu.

Sai na ji an kwarara ihu daga cikin sabara, kusa da ni ƙwarai: "Kar wanda ya taɓa shi! Wanga ɗana na!"

Kafin in juya mutane sun taso daga kowane gefe. Ban kai ga yin sallama ba. Sanda ta sauka a hannuna, wata a ƙeya. Na faɗi, sai na ji mutum ya faɗo a kaina ya rufe ni da jikinsa. Warin tabarsa na fara ganewa. Baba ne, ba baka a hannunsa.

Wani saurayi ya ce: "Baba Jibo, tashi! Ai ɗiyan gari su ne ka zuwa. Ka manta rantsuwarka?"

Baba ya ce: "Ban manta ba. In bindiga ce wagga, ni da kaina ni ka yanka shi. In ba ita ba ce, duk mai son harbi shi hwara da bayana."

Ba wanda ya yarda ya taɓa salkar. Ana haka Malam Dogo ya hauro da gudu, buje na kaɗawa, yana ihu da gurguwar Hausarsa. Mashi uku suka tare shi. Maigari ya ce in abin busa ne, to a busa. Yaya, ban taɓa ganin Bature na kyarma ba sai ranar. Sau biyu numfashinsa na ƙin cika salkar, ni ina kwance ƙarƙashin Baba ina jin zuciyarsa na bugawa a bayana. A na uku abin ya yi kuka. Rabin mutanen suka tarwatse, wani har ya faɗa kwamin shayar da dabbobi. Ba wanda ya yi dariya, har ni.

Duk da haka aka ɗaure mu zuwa nan. Shugaban jandarma ya ce Bature zai koma iyaka, wannan ba matsala. Ni ne maganar. Shekara bakwai a waje, ta daji, cikin shigar mata. Ya ce in ba a kawo shaidar cewa ta ƙofar duwan na shigo ba, kuma wani ma'aikacin gwamnati ya tsaya min, ran Laraba za a wuce da ni Tawa. Mutum biyu da na tarar a ɗakin nan an wuce da su jiya, ɗaya yana ta kiran sunan 'yarsa. Na san abin da nake roƙonka zai iya cin aikinka. Amma ba ni da kowa.

Abu ɗaya ke damuna bayan wannan. Ta yaya Baba ya gane ni, fuskata a rufe, ban yi magana ba? Na tambaye shi a hanya bai amsa ba. Kullum yana zaune a ƙofar jandarma, amma in aka fito da ni sai ya kau da kai. Na san fushin bujen nan yake yi, na kunyata shi gaban gari. Ka ba shi haƙuri. Ka taho min da wando.

Ƙanenka,
Barmo

Tungar Kalgo, 26 ga Disamba

Sanusi,

Ni ne ubanka Jibo. Mushe ke rubutawa, ya rantse min ba zai faɗa wa kowa ba.

Allah shi yi maka albarka da ka zo ka tsaya wa ɗan'uwanka. Ka koma da sauri ban samu ganinka kai kaɗai ba. Barmo na gida, hannun na saɓewa, uwarku ta fara cin tuwo. Baturen ya aiko da gaisuwa daga Sakkwato.

Yaron na cewa hushi nike da shi. Ba hushi ba ne. Ni aka sa in yi harbin fari. Taki goma ne tsakaninmu. Na ja baka har kunne, na daidaita ƙasan haƙarƙarinsa, na yi bisimilla. Sai ya ɗora ƙafa bisa itace, bujen ya ja baya, na ga gwiwar hagu. Lalas ukun nan da na yi masa da ƙarfe ran da kububuwa ta sare shi yana ɗan shekara shida. Aikin hannuna ne, ba ni mance shi.

Da wando ne a jikinsa, Sanusi, da na kashe ɗana.

Shi ya sa ban iya duban idonsa. Kada ka gaya masa. Na kai wa maigari bakan, na ce a nemi wani. Uwarku ta so ta ƙone bujen, na karɓe. Yana cikin akwatina.

Ubanka,
Jibo