Katakon da Ya Gama Motsi

Litinin, 6 ga Nuwamba
Kujeru uku na haɗa yau, ukun duk suna ɗingishi. Makarantar yara ce ta ba ni aikin, kuma shi ne babban aiki na farko da ya shigo shagon nan tun da tafki ya tafi da Baba. Ban yi kuskure a awo ba, ɗan jagora ne ya cuce ni. Haka Baba ke kiran guntun katakon nan mai tsaga da ake cusa ƙafar kujera a ciki, zarto ya bi tsagar, kowace ƙafa ta fito da karkata iri ɗaya. Wai zarto makaho ne, sai da mai ja masa sanda. Nawa da farin katako mai laushi na yi shi, ya sha damshin garinmu Bukoba ya murɗe. Haushi kamar in jefa shi wuta.

Laraba, 8 ga Nuwamba
Na gwada itacen turare. Ƙusa ta biyu ya dare. Banza.

Asabar, 11 ga Nuwamba
Na zaga masu tsaga katako har ƙafata ta gaji. Kowa ya rantse nasa busasshe ne, in ɗora kunci in ji sanyin ruwa a ciki. Daga can na biya wajen Tsoho Kaijage, abokin Baba. Ya miƙo mini 'ya'yan kofi na tauna, ya tambayi Mama, sannan ya juya ɗan jagorana a hannu yana dariya, wai ko jirgin fara na sassaƙa.

Ya ce, "Koku, 'yata, ɗan jagora ba ƙarfi yake so ba. Katakon da ya gama motsi yake so. Kin san inda irinsa yake."

Na sani mana. Suna saman shago, ƙarƙashin kwano. Allunan mvule, katakon nan mai tauri da nauyi, da Baba ya ajiye wa akwatin gawarsa tun ina 'yar firamare. Ranar da ya kawo su kwanciya ya yi a kan ɗaya yana gwada tsawonsa, Mama tana ta faɗa, shi yana dariya. Yanzu ga alluna, babu mai kwanciya. Kwalekwalen da ya shiga zuwa tsibiri neman itace ya kife a daminar da ta wuce, an tsamo wasu, shi shiru.

Lahadi, 12 ga Nuwamba
Baffa Rutta ya biyo mu gida bayan coci, maganar dai ita ce. A yanka kututturen ayaba a binne a madadin ɗan'uwansa, kamar yadda ake yi wa duk wanda ruwa ya riƙe, a yi makoki, mutum ya huta. Mama ko ɗago kai ba ta yi daga tsinar wake ba. Ta ce mijinta ba ayaba ba ne, tafki zai dawo da shi, akwatinsa kuma na jiransa. Baffa ya dube ni in sa baki. Na dubi ƙasa. Ni ma ai ban shirya ba, ban dai taɓa faɗa ba ne.

Talata, 14 ga Nuwamba
Da rana tsaka allunan sun yi ƙara. Ƙas, sannan ƙas, irin ta mutum yana gyara kwanciya. Sun saba yi tun da ya tafi. Na san zafin kwano ne. To amma Kaijage ya ce sun gama motsi, me kuma ke motsawa?

Shugabar makaranta ta aiko. In kujeru ba su miƙe ba zuwa ƙarshen wata, wani za ta ba.

Laraba, 15 ga Nuwamba
Mama ta tafi kasuwa sayen fara. Na hau na sauko da allo ɗaya. Na ce wa raina kowane kafinta yana barin rara a katako, taƙi guda da 'yan yatsu kawai nake so daga baki, ba wanda zai sani. Ban sa masa tef ba, hannuna ya ƙi. Na dai yanka da sauri kamar ɓarauniya.

Wayyo katako. Santsi, nauyi, zarto na shiga kamar a sabulu. Na yi sabon ɗan jagora da guntun. Kafin la'asar na fitar da ƙafafun kujera takwas da shi, na jera su, ko gashi ba zai ratsa tsakaninsu ba. Na yi murna, ba zan ɓoye ba.

Sai da na hau mayar da allon na share ƙurar sauran. Bakinsu duk a goge yake, an fitar da kusurwa, an gama. Baba ya riga ya yanke su daidai jikinsa, bai bar ko yatsa ɗaya ba. Yaushe ya yi, ban sani ba. Allon da na taɓa na gefe ne. Yanzu ko tafki ya kawo shi gobe, akwatin ba zai ɗauke shi ba.

Na zauna a saman tsani har ƙafata ta mutu.

Alhamis, 16 ga Nuwamba
Ban ci abinci ba. Kujeru shida, duk sun tsaya cak. Na tsani kyansu.

Juma'a, 17 ga Nuwamba
Mama ta kawo mini ayaba da wake shago, abin da ba ta yi ba tun da abin ya faru. Ta ajiye kwanon, idonta ya sauka a kan ɗan jagora. Matar kafinta ce, ba a koya mata launin mvule. Ta ɗauka, ta shafa, ta ɗaga kai ta dubi sama, ta daɗe.

Na fara cewa zan nemo wani allo, zan yi haɗi yadda ba za a gane ba. Ta ce in yi shiru, mijinta bai taɓa sayar wa kowa akwati mai faci ba, ba za a fara a kansa ba.

Ta ce, "Nawa kika cire?"

Na nuna mata da hannu.

Na jira mari, wallahi da ya fi mini sauƙi. Sai ta zauna a ɗaya daga kujerun yaran, gwiwoyinta har ƙirji, ta girgiza ta, kujera ba ta motsa ba. Ta ce aikinsa ne wannan, ta gane shi.

Can ta ce, "Mutum ba a rage masa tsawo, Koku. Ayaba kuwa ana yanka ta daidai akwati. Ki aika wa baffanki."

Ta fita ba ta ɗauki mayafinta ba.

Laraba, 22 ga Nuwamba
Na rage sauran allunan su yi daidai da wanda na ɓata. Ni na haɗa akwatin. Gajere ne, duk wanda ya san Baba zai gani. Mama da kanta ta shiga gona ta zaɓi kututturen, ta ƙi biyu kafin ta yarda da na uku, wai sun cika ƙiba, shi siriri ne.

Asabar, 25 ga Nuwamba
Mun binne shi a bayan gida, cikin gonar ayaba, kusa da kabarin Kaka. Akwatin ya yi nauyi fiye da yadda na zata. Mama ta yi kuka irin wanda ban taɓa ji ba, ni kuma na riƙe ta. Na rubuta mun binne shi. Bari in bar shi haka.

Litinin, 27 ga Nuwamba
An kwashe kujeru. Saman shago fayau, hasken rana har yana shigowa ta inda allunan suka tare. Yau an yi zafi sosai, kwano ya gasu, amma ba abin da ya yi ƙara. Na ajiye zarto na saurara, na sake ajiyewa na saurara. Da azahar na hau tsani na ɗora guntayen da suka rage a wurin. Ba don komai ba, ƙasa akwai damshi.