Tururuwa a Ludayi

Tudun Wada, Zariya
3 ga Maris

Zuwa ga autana Muntaka,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu nan sai godiya.

Bayan haka, ɗanka Ashraf, angon nawa, ya ƙi kumari. An yi arba'in amma wuyansa kamar na ɗan tsako, ga kuka ba dare ba rana. Na sa matarka Zinariya ta tatsi nono a ludayi, na jefa tururuwa, yadda uwata ta gwada nawa. Tururuwar ta mutu. Ka ga nonon ba shi da kyau ke nan. Na hana ta ba shi, na mayar da shi kan madarar gwangwani da ruwan dauri. Ta sha kuka, amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. Kada ka damu.

Mahaifiyarka,
Hajo

24 ga Maris

Muntaka,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya. Na rubuto ne don bakina ba zai iya faɗa a waya ba.

Kwananmu biyar a asibiti. Gudawa ta kama Ashraf, da aka ɗora shi a sikeli bai kai nauyin da aka haife shi da shi ba. Nas Suzana ta ce tun farko kama nonon ne bai iya da kyau ba, gyaran minti goma ne. Da muka zo, nonon ya riga ya ƙafe. Sun manna siririn tiyo a ƙirjin Zinariya, madara na bi ta ciki, wai in yana tsotsa nata zai dawo.

Shekaranjiya na je gida ɗauko zannuwa, na ɗebi ruwan randa a ludayi, na jefa tururuwa. Ita ma ta mutu. Na daɗe zaune riƙe da ludayin, wallahi na rasa inda zan sa kaina.

Yau da safe nonon ya fara ɗiga, sai dai yaron ba shi da ƙarfin ja. Ya tsotsa sau biyu ya saki, sai da cokali ake ɗura masa. Likita ya ce mu yi ta addu'a. Zinariya har yanzu durƙusawa take ta gaishe ni, ni kuwa na kasa kallon idonta.

Ka nemi izini a wurin aiki ka taho. Kada ka jira ƙarshen wata.

Allah ya kawo ka lafiya.
Mahaifiyarka,
Hajo