An Rubuta Shekarun Ƙanena Kafin a Tsayar Masa da Jini

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Asibiti, Garoua.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Sunana Rabi, ina sayar da atamfa, ina zaune a unguwar Poumpoumré. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, shi ya sa na sa aka rubuta mini wannan wasiƙa in yaba abin da kuka yi wa ƙanena Sani.

Sani ɗan acaba ne, da matarsa da 'ya'ya uku. A ranin bara motar auduga ta take shi a hanyar Bibémi. Da aka kira ni, na tarar da shi kwance a kan benci a sashenku na gaggawa, ƙafar dama ta dagargaje, jini har ƙasan benci.

Na farko, ina yaba saurinku. Kafin wani ya taɓa ƙafar, samari biyu masu fararen riguna sun iso, da ladabinsu. Suka ce bincike suke yi a kan yadda ake kula da masu mummunan rauni. Suka tambayi shekarunsa, da ko yana sanye da hular kwano. Sani yana nishi yana ba su amsa, don a zatonsa likitoci ne. Suka miƙo mini takarda da Faransanci, ni kuwa ban yi boko ba. Na dangwala yatsa ina tsammanin izinin tiyata na bayar.

Na biyu, ina yaba yadda kuka raya mana zumunci. An ce babu jini a asibitin, sai na hau babur ina bin gidajen dangi ina roƙo, har da waɗanda rabona da su tun bikin Sani. Da na dawo na tambayi likitan tiyata, aka ce yana otal wajen taro. Taron na mene ne? Na inganta kula da masu rauni. Allah ya ƙara basira. Wata ma'aikaciyar jinya ce kaɗai ta ɗaure ƙafar, tana gudu tsakanin majinyata ita ɗaya. Ita kam ba na zarginta.

Washegari aka yanke ƙafar daga saman gwiwa. Likitan da kansa ya ce da an yi da wuri, wataƙila da an cece ta.

Na uku, ba ku manta da mu ba. Masu binciken suna kiran Sani a waya, suna tambaya ko yana iya hawa bene, ko ya koma aiki, ko ya gamsu da kulawar da ya samu. Ranka ya daɗe, da wace ƙafar zai buga babur? Matarsa ce ke suyar ƙosai yanzu suna ci. Da ya tambaye su abin da binciken ya gano, suka ce sai an buga shi a ƙasar waje. Ashe ƙafar Sani za ta riga shi zuwa Turai.

Ni ba na ƙin bincike. Idan ciwonsa zai sa a ceci wani, mun amince. Amma ina roƙon ku fara tsayar da jini kafin ku fara tambaya, kuma a yi wa mutum bayani da Hausa ko Fillanci, yana cikin hayyacinsa. Ku gaya mana abin da kuka gano, tunda a jikinmu kuka gano shi. Sannan a duba yadda Sani zai sami ƙafar roba.

Sani ya ce in shaida maka ya yafe wa direban motar auduga, don shi bai gudu ba, shi ya ɗauko shi a hannu har ƙofarku. Naku kuma yana nan yana tunani.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya tsare ka da iyalinka daga sharrin hanya, ya sa ka gama aikinka da ƙafafunka biyu.

Wassalam.

Rabi, yayar Sani,
Poumpoumré.