Na Ce Wa Matan Gidanmu Mahaifiyata 'Yar Aiki Ce

Assalamu alaikum Anti mai wannan fili, tare da dukkan masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a zage ni a bari in kai ƙarshe, don babu zagin da za a yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba.

Ni 'yar Nijar ce, daga wani gari a ƙasar Damagaram. Aure ya kawo ni Kaduna ana gab da sojoji su miƙa mulki ga farar hula, muka kama ɗaki a wani gidan haya a Unguwar Mu'azu. Mijina yana aiki a masaƙa can wajen Makera, in ya fita da safe sai yamma lis, ya rage daga ni sai matan gida. Na zo da Hausata ina ganin ai duk ɗaya ne, ashe da sauran aiki. Hajiya mai gidan mace ce mai son raha, amma bakinta ba linzami. In ta hango mai ga-ruwa ko maigadi da rawani sai ta ce, "Ga 'yan Nijar nan sun zo cinye mana tuwo, yanzu da aka dawo siyasa har ƙuri'a za su ce za su jefa." Kowa ya kwashe da dariya. Ranar da ta tambaye ni garinmu, ban san lokacin da bakina ya ce Daura ba. Daga nan na shiga gyaran harshe, na koyi cewa asibiti da bokiti irin na 'yan Najeriya, na koyi jefa "sorry" a cikin magana, har na zama ni ce mai fara dariyar idan an taɓo mutanenmu.

Ana haka na haihu, namiji. Ban san komai ba, Anti. Yaro ya yi ta tsala kuka ni ma in zauna in taya shi, nono ya cika ya yi tauri, ga ba kowa nawa a garin. Sai bayan suna mahaifiyata ta iso, saboda nisa da wahalar mota. Ta shigo da baƙin zanenta na saƙi, ƙunshi a ka, kanwa da yaji da gero da man shanu, ta yi sallama da Hausar garinmu tsantsa wadda ba ta ɓoyuwa. Maimakon in yi murna, sai na shiga tsoron kada asirina ya tonu. Tana shiga ɗaki Hajiya ta jawo ni gefe ta ce, "Amarya, ina kika samo wannan 'yar Nijar ɗin?" Na ce, "Wata tsohuwa ce aka turo mini daga gida, wankan jego take yi wa mutane." Haka na faɗa, da bakina, ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya. Wace irin ɗiya ce za ta yi haka?

Abin da ya rufa mini asiri shi ne ya fi ci mini rai. Ni ce 'yar farinta, kuma Iya tana cikin masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Tun da nake ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "waccan". Ba ta taɓa cewa 'yata a gaban mutane ba, ba ta zama kusa da ni in da baƙi. Ni kuma Iya nake ce mata, sunan da ake kiran kowace tsohuwa. Mijina yana durƙusawa ya gaishe ta, matan gida suka ɗauka tarbiyya ce kawai. Haka ta duƙufa: ta hura itace, ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ta yi mini wanka safe da yamma, ta dama kunun kanwa ta tsaya a kaina sai na shanye, ta gasa wa jariri cibiya, ta nuna mini yadda ake riƙe shi a nono. Matan gida suna cewa, "Kai, wannan mai aikin taki ta iya," amma a bayan idonta, ni kuma ina murmushi.

Sai maƙwabciyarmu Maman Rahila, mutuniyar Kudancin Kaduna, mace mai kirki wadda ita ta raka ni asibiti ranar haihuwa, ƙanwarta ta haihu a Sabon Tasha aka kawo ta nan gidan don a kula da ita. Muna zaune a tsakar gida ta zo ta durƙusa gaban Iya ta ce, "Mama, don Allah in kin gama da madam ɗinki, ki taimaka ki riƙa yi wa sistana irin wannan wankan. Za mu sallame ki yadda take sallamarki." Iya ta ce, "Wace madam?" Maman Rahila ta nuna ni, ta ce, "Ita da ta ɗauko ki aiki mana." Na so ƙasa ta tsage in shige. Iya ta juya itace a murhu, sannan ta ce, "To, sai abin da uwar ɗakina ta ce." Ni kuma, maimakon in fashe da kuka in faɗi gaskiya, na ji kaina ina cewa, "Ba komai, ta je."

Tun daga ranar take yi mana wanka mu biyu. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta tambaye ni dalili ba, ba ta gaya wa mijina ba. Ruwan bai rage zafi ba, kunun bai rage kanwa ba. Abu ɗaya ne ya canja: da a ɗaki take cin abinci, yanzu sai ta ɗauki kwanonta ta koma bakin murhu ta zauna ita kaɗai. Na same ta can na ce, "Iya, ki yafe mini." Ta ce, "Tashi ki ba yaro nono, yana kuka." Da ta zage ni, ko ta mare ni, wallahi da na fi samun sauƙi.

Shekaranjiya Hajiya tana tsokanarta ta ce, "Iya, ke 'ya'yanki nawa a can ƙasar taku?" Mu biyar ne ta haifa. Iya ta ce huɗu, ta jero sunayen ƙannena. Na san haka take amsawa tun ina ƙarama, ba ta lissafa 'yar fari, kuma da in na ji sai in ji daɗi, don na san kunya ce ta ƙauna. Amma wannan karon da ta gama faɗa sai ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban mutane. Har yanzu na kasa gane ko kunyar ce ta da, ko kuwa cire ni ta yi da gaske.

Arba'in ta kusa, ta riga ta fara ɗaure kayanta, kuma ban san sai yaushe zan sake ganinta ba. In na tara matan gida na faɗi gaskiya, sun san ni maƙaryaciya ce mai gudun uwarta, maganar za ta kai kunnen mijina, kuma a gidan nan zan ci gaba da zama da su. In na yi shiru, mahaifiyata za ta fita daga gidana a matsayin 'yar aiki, ɗana ya tashi ana ce masa wata tsohuwa ce ta yi masa wanka. Ita ba za ta taɓa buɗe baki ta ce ni 'yarta ce ba, ni kaɗai ce zan iya faɗa. Anti, jama'a, me zan yi?