Shafin da Yaya Sani Ya Bari

Daren Laraba, Rano.

Yau na wargaza shafin haruffan dalma da Yaya Sani ya jera a maɗaba'armu kafin rasuwarsa. Tun damina yake ɗaure da zare a kan tebur, rabin waƙa, bai ƙarasa ba.

Hajiya Rabi ce ta zo daga Kibiya a buga mata katin bikin 'yarta, haruffan dalmar da suka rage kuwa ba za su isa ba. Ta ce, "Malam, jibi fa za a raba."

Na buga kwafi ɗaya na shafin Yaya Sani na ajiye, sannan na kwance zaren. Na jera katin da haruffan. Katin ya fito tsaf.

Haruffan da ya taɓa na ƙarshe yanzu suna cikin sunan wani angon da ban sani ba.